Ranar da Baba Sikeli Ya Sa wa Nama Hatimi

Duk unguwar ba mai kiransa da wani suna sai Baba Sikeli. Shekara arba'in da 'yan kai yana gyaran ma'auni a wani ɗan shago bayan kasuwa, tsakanin mai walda da mai ɗinkin katifa. Mahauta, masu hatsi, masu gwal, duk wanda sikelinsa ya fara ƙarya wurinsa yake kawowa. In ya gama gyara sai ya zura siririn zaren ƙarfe ta murfin, ya ɗaure, ya matse bakin zaren da ɗan curin dalma, da wata filaya mai tambarinsa. Wannan hatimin shi ne abin alfaharinsa a duniya. Muddin dalmar tana nan ba a fasa ba, kowa ya san ba hannun da ya shiga cikin sikelin bayan nasa.

Mutumin kirki ne, Umma matarsa ba ta taɓa musun haka ba. Amma zama da shi sai mai haƙuri. Ka ce masa a zuba sukari kaɗan, zai tsare ka da ido ya ce, "Kaɗan ɗin nawa ne?" 'Ya'yansu biyar, kowanne ranar da aka dawo da shi daga asibiti bayan haihuwa sai da ya ɗora shi a kan sikeli, wai bai gamsu da abin da aka rubuta a kati ba, alhali shi ya gyara sikelin asibitin.

Shekarar da suka yi aure ya tsinci wani littafin gashin nama a wurin mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi. Ƙato ne, mai hotunan wani mutum mai farar hula yana murmushi a gaban wuta. Hotunan ba su dame shi ba. Abin da ya tafi da imaninsa shi ne komai an rubuta shi da gram: gishiri gram kaza, barkono gram kaza, a ajiye awa huɗu. Tun daga lokacin, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ta zama ranar gashi a gidan. Da sassafe zai buɗe shafi na tamanin da bakwai, ya auna komai a ƙaramin sikelinsa, ya cakuɗa naman, ya rufe kwano, ya tafi shago ya yi rabin yini. Da azahar ya dawo ya hura gawayi.

Akwai abin da bai sani ba. A karon farko, Umma tana amarya, bayan fitarsa ta ɗaga murfin ta lakato ruwan naman ta ɗanɗana. Sai da hawaye ya zubo mata. Ko mai littafin harshensa ne ya mutu, ko gishirin ƙasarsu ne ba shi da ƙarfi, Allah masani, ita dai ta san ba ɗan'adam ɗin da zai haɗiye wannan. Kunya ta hana ta magana. Ta wanke naman tas, ta goga citta da tafarnuwa, ta matse lemun tsami, ta kankare ɗanyar gwanda don naman ya yi laushi, ta barbaɗa gishiri da yatsunta, ta mayar da murfi. Da aka ci, mutane har suna lasar yatsa. Baba Sikeli ya shafa bangon littafin ya ce, "Kun gani? Awo ba ya ƙarya."

Daga nan kuma ta yaya za ta faɗa? Wata ya zama shekara, shekara ta zama talatin da huɗu. Duk ranar gashi tana tsaye a gaban famfo tana wanke gishirin wani baƙon mutum da ba ta taɓa gani ba, da yamma kuma ta zauna ta ji ana sa masa albarka. Sau nawa maganar ta zo mata har maƙoshi! Sai ta dubi fuskar mijinta a gaban wuta, baki har kunne, yara sun kewaye shi, ta haɗiye abinta. Tsoronta ɗaya ne, kada ranar ta zo da zai ji kunya a gaban 'ya'yansa.

Ranar ta zo ne ta hannun mijin Auta, wato mijin ƙaramar 'yarsu. Yaro ne mai ladabi, malamin kwamfuta a wata makaranta, aibinsa ɗaya ba ya iya kama bakinsa in zancen intanet ya taso. Baba Sikeli ya raɗa masa Ɗan Waya. Wata Asabar ana cikin cin nama ya goge hannu ya ce, "Baba, wallahi ya yi daɗi. Amma yanzu fa an wuce zamanin littafi. A waya akwai hanyar gashi ta fi dubu, har bidiyo za ka gani."

Auta ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita. Baba Sikeli ya ajiye cokali a hankali.

"Dubu ka ce? To wacce ce daidai a cikinsu?"

"Ai kowacce da nata, Baba."

"Ma'auni in ya ba ka amsa biyu, ya lalace. Naka ya ba ka dubu kana murna. Ƙarshen wata mai zuwa ka zo da wayarka, in zo da littafina. Nama ɗaya, murhu iri ɗaya, mutanen gida su yanke hukunci."

Umma ba ta damu ba ko kaɗan. A ranta ta ce ya yi ta cika bakinsa, ai awa huɗun nan nata ne. Har ta sa aka sayo mata gwanda tun ranar Alhamis.

Da safiyar ranar mutanen biyu suka mamaye mata kicin. Ɗan Waya ya jingine wayarsa a jikin gwangwanin madara yana zuba zuma da wani baƙin ruwa daga kwalba, Baba Sikeli kuma yana ɗaga gishiri ƙwaya-ƙwaya da bakin wuƙa har allurar sikeli ta tsaya inda littafi ya ce. Suka rufe kwanukan. Umma ta miƙo hannu za ta kai firji, sai ta ga mijinta ya zuge jakar aikinsa ya fiddo zaren ƙarfe da filaya.

"Malam, me za ka yi kuma?"

"Adalci. Kada in na ci Ɗan Waya ya ce bayan fitarsa an yi wa nasa wani abu, ko an ƙara wa nawa."

"To wa zai taɓa? Ni kaɗai ce a gidan!"

"Ai ba don ke ba ne, Umman yara. Ka'ida ce."

Ya zura zaren ta hannayen kowane kwano, ya bi ta kan murfi, ya matse dalma, ƙwas, ƙwas. Ya saka filayar a aljihu, ya gyara hula, ya yi gaba abinsa.

Umma ta tsaya a gaban firjinta kamar ta yi bindiga don haushi. Ta fito da kwanon ta juya shi ta ko'ina. Ta zura bakin cokali ta gefen murfi, ko motsi bai yi ba. Mutumin nan in ya ɗaure abu ya ɗauru. Ta karkata kwanon a kan famfo ko ruwan gishirin zai tsiyaye, ɗigo uku suka fito. Ta ɗauko almakashi ta riƙe, ta tuna mutumin da ke gane an taɓa hatiminsa daga nisan taku biyar, ta ajiye. Ta zauna a kan kujera tana hararar dalmar nan. Wace irin jaraba ce wannan, ka shekara talatin da huɗu kana rufa wa mutum asiri, rana ɗaya ya tashi ya kulle ka waje da hannunsa, kuma ya kira abin adalci? Gwandar ma haushi ta ba ta, ta cusa ta can ƙasan kwando.

Da azahar tsakar gida ta cika da 'ya'ya da surukai da jikoki. Baba Sikeli ya nuna wa kowa hatimin kafin ya yanke, kamar mai buɗe akwatin zaɓe. Aka hura murhu biyu. Ɗan Waya ya sha wahala. Ya ɗora nama wuta na ci bal-bal, zumar ta kama da wuta. Ya juya ga wayar, fuskarta ta mutu, ya danna da yatsa mai maiƙo ta ƙi buɗewa, da ta buɗe kuma tallar katifa ta fito. Kafin mai bidiyon ya ce a juya, nama ya zama baƙi ƙirin ta waje, ciki kuwa jini.

Baba Sikeli ko kallonsa bai yi ba. Ya jira har gawayi ya yi farin toka, ya tara garwashi gefe ɗaya, ya miƙa tafin hannu a saman raga yana ƙirga wani abu a ransa, sannan ya jera naman. Bai juya ko ɗaya sau biyu ba. Ya sauke shi jawur yana ƙyalli, ƙamshi har gidan maƙwabta.

Al'adarsa ce ba ya ci sai kowa ya samu. Umma tana kallo aka kai loma ta farko. Babban ɗansu ya tauna, ya tauna, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya haɗiye da ƙyar ya jawo jug ɗin ruwa. Auta ta tura nata ƙarƙashin yankan albasa. Ɗan Waya, Allah ya yi masa albarka, ya cinye yanka biyu idanunsa na ruwa yana cewa, "Baba ka ci ni, na sallama."

Baba Sikeli ya yi dariya, ya zauna, ya ɗauki nasa ya kai baki. Dariyar ta tsaya. Ya dubi naman, ya dubi littafin, ya bi fuskokin 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ya tashi ya shige ɗaki. Umma ta soya ƙwai aka ci da burodi, kafin la'asar sakaliya kowa ya samo uzurin tafiya.

Ta same shi zaune a tabarma, ya baje 'yan duwatsun awonsa na tagulla, yana ɗora su kan ƙaramin sikelin ɗaya bayan ɗaya.

"Sikelin lafiyarsa ƙalau," in ji shi, bai ɗago ba. "Littafi kuma shi ne dai na jiya. Saura ni. Idon ne ya tafi, ko hannun. Ranar Litinin zan mayar wa mutane kayansu in rufe shagon. Wanda ya kasa auna gishiri ba shi da hurumin taɓa sikelin jama'a."

Ta san shi, in ya faɗa ya gama. Haushi da tausayi suka taso mata lokaci guda, haushin ya riga fita.

"Idonka ras yake, Malam! Abin da ka auna yau shi kake aunawa tun ina amarya. Littafin naka ne ba ya ciwuwa. Kana sa ƙafa waje nake wanke naman nan in sake haɗa shi. Yau ka ɗaure mini hannu da dalma, ga shi ka ci girkin mai farar hula."

Ya ɗago ya dube ta, dutsen awo a hannunsa.

"Kowane wata?"

"Kowane wata."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Wa zan faɗa wa? Mutumin da ke shafa littafi yana sa masa albarka?"

Ta ɗauka faɗa zai yi, har ta shirya amsa. Da ya buɗe baki sai muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Shekarar da Inna ta zo jinya, watan da za ta rasu. Ba ta iya cin komai, amma ta ci yanka uku. Ta kama hannuna ta ce ashe ɗanta ya iya wani abu ban da ƙarafa. Wannan ma naki ne?"

Umma ta ji duk faɗan da ta tanada ya zube. Da ta so, da ta ce ranar ba ta taɓa ba, kuma zai yarda. Amma ta gaji da ɓoye-ɓoye, shi kuma ba mutumin da za a yi wa ƙarya a kan mahaifiyarsa ba ne. Ta zauna a gefen tabarmar.

"Gishirin nawa ne. Amma ni ko kifi na ɗora a garwashi sai ya ƙone, ka sani. Tsohuwa marar haƙori ta ci nama yanka uku, wa ya tsaya a kan wutar? Ni ce?"

Ya sa bayan hannu ya goge ido, ya shiga mayar da duwatsun cikin akwatinsu, kowanne a raminsa. Da ya zo kan na ƙarshe, ya kasa saita shi. Ta karɓa ta saka masa.