Ranar da San Rijiya Ya Shiga Zogale

Shekaruna goma na farko a koyarwa na yi su ne da imani guda: ba a koyar da kimiyya sai da ɗakin gwaje-gwaje, kuma tunda kolejinmu na Dakoro ba shi da shi, faɗuwar yara ba laifina ba ne. Kowace shekara sai na rubuta wa hukuma takardar neman kayan aiki, in zauna jira. Akwai wata safiya da ta rushe wannan imani, kuma har in bar duniya ba zan manta da ita ba.

A shekarar ina riƙe da aji na ƙarshe, saura wata uku su zauna jarrabawar birbe ta kammala koleji. Darasin da ya gagare mu shi ne na puli, wato faifan nan da igiya ke gudu a kansa idan za a ɗaga kaya. Mako biyu ina zana shi a allo, na yi musu gwaji, kusan duka ajin suka faɗi. Ina cikin yi musu faɗa sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ta kira ni Mushe, yadda ɗalibai ke kiran malamin boko a nan.

"Mushe, wanga abu ba shi ne bisa rijiyar babana ba?"

Kullum ina wuce rijiyar nan a kan babur, ban taɓa haɗa ta da zanen da ke cikin littafina ba. Amma maimakon kunya ta kama ni, sai girman kai ya ba ni wata dabara: zan kai yaran can, in nuna wa tsohon, wato baban ɗalibar, yadda ilimin boko zai sauƙaƙa masa aiki.

Ranar Asabar da hantsi muka isa, ni da yara fiye da hamsin. Garken shanu uku na jiran ruwa. Sa guda ke jan igiya, ya yi nisa har wasaki, wato babban gugan fata, ya fito, a juye, ya dawo. Na ɗauki dutse, na duba agogona, na ce zan jefa in lissafa zurfin rijiyar.

"A'a, ɗana," in ji tsohon. "Ba a jefa komi cikin ruwan da mutane ka sha. Zurhi kake so? Ga shi nan kwance ƙasa."

Ya nuna mini turbar da ƙafar san ta fafe. Inda san ke juyawa, nan ne iyakar zurfin. Yara suka auna da hannu, gaba ashirin da biyar. Ni da na yi shekara huɗu a jami'a ban hango haka ba.

Don in farfaɗo da mutuncina, sai na ce, "Baba, da za ka ƙara puli na biyu a jikin wasakin, da nauyin ya ragu da rabi."

Ya dube ni, ya dubi 'yarsa, ya yi murmushi. "To, Mushe, mu gani."

Aka kawo wani tsohon faifai, aka aro igiya wurin makiyayan da ke jira, aka ƙulla yadda na tsara. Sa ya ja, kuma lalle ya ji sauƙi, har da ɗan sassarfa. Yara suka yi ta tafi, ni kuwa ina gyara wuyan riga. San ya kai inda ya saba juyawa ya tsaya. Muka leƙa, wasaki yana tsakiyar rijiya.

"A ƙara kora shi!" na ce.

Aka kora. Ya wuce turba, ya wuce kwamin shan ruwa, ya ture dangar kara, ya shiga lambun wata dattijuwa, ya sa baki a zogalenta hankali kwance. Ta fito da muciya a hannu.

"Wane marar aikin yi ne ya turo min sa? Kai Malam, shekara nawa muna nan, yau ka haukace?"

"Ba ni ba ne, Iya," in ji tsohon, yana share hawayen dariya. "Ilimi ne ya zo daga lakwal, makarantar boko."

Na san littafi ya ce igiya za ta ninka biyu. Na rubuta hakan a allo ba sau ɗaya ba. Amma a wurina lamba ce kawai, ban taɓa tunanin cewa ninki biyu yana nufin lambun wata baiwar Allah ba. Har yau ina tambayar kaina abubuwa nawa na koyar a haka, ina faɗarsu daidai ba tare da na san su ba.

Da muka ba dattijuwar haƙuri, yara suka gyara mata danga, tsohon ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba ƙarya ka yi ba, Mushe, nauyi ya ragu. Amma abin da ka rage wa wuyansa, ƙafarsa ka ƙara wa. Kuma ga shanun mutane na jira."

Abin da na kasa fahimtar da su a mako biyu ke nan, ya faɗe shi a numfashi ɗaya. Na juya na ga yaran suna gyaɗa kai, wasu har suna rubutawa a tafin hannu.

Ranar Litinin na sake yi musu gwajin. Mafi yawansu suka ci, kuma da yawa sun rubuta maganar tsohon a ƙasan lissafinsu, wuya da ƙafa da komai. Ban cire wa kowa maki ba.

Daga wannan shekara ban sake rubuta takardar neman kaya ba. Darasin sanyaya ruwa a gindin randa muke yinsa, na girman mazubi a gaban rumbu, na puli kuwa a bakin rijiyar nan, bayan na fara zuwa na gaida mai zogale.