Baba da Tasar da Ke Kwana Kan Soro

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sabi'u, malamin kimiyya a wata sakandare kusa da Makoɗa. A garinmu "Mai-auna-sama" ake ce masa, kuma ba don yabo ba. Wasu a fili suke cewa boko ya taɓa shi.

Bayan magariba yakan hau soro ya ajiye tasar ruwa. Da asuba ya tsoma ma'aunin zafi a ciki, ya auna na iska, ya rubuta. Yakan ce in sama ta yi garau, ta fi iskar da muke shaƙa sanyi nesa ba kusa ba, kuma duk abin da ya kwana yana kallonta yakan miƙa mata zafinsa. In gajimare ya taru ko iska ta yi laima, sai zafin ya dawo. Burinsa ya ƙiyasta sanyin nan wata-wata, manomi ya san lokacin da tumatirinsa zai huce ba lantarki.

Da farko sati uku lissafin yana ƙi, har ya fara zargin kansa. Ashe Inna ce ke bin bayansa ta rufe tasar da faifai, ta ɗauke kafin ya dawo daga masallaci.

"Haba Hajara, faifanki ya tare mini sama!"

"Malam, ruwa ya kwana a buɗe a gidan Musulmi? In aljanu za ka shayar, ba da ni ba."

Bai yi musu ba. Ya samo farar leda shara-shara ya ɗaure bakin tasar: ruwa ya rufu, zafi kuma yana ratsawa ya tafi.

Yau rufin kwano ya cinye yawancin sorayen garin, da bazara ɗaki kamar tanda. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da Baba zai gani, na san ba zai yi gori ba, tsani kawai zai nema ya hau da tasarsa.

Bara na kai wa wata malamarmu a jami'a littattafansa, ina tsoron kada ita ma ta gaskata mutanen gari. Ta gwada rubutunsa da ƙiyasin masana, ta kira ni ta ce, "A wace jami'a mahaifinki ya yi wannan aiki?" Ta kuma nemi izinin bugawa da sunansa.

Bai bar mana dukiya ba. Ya bar safiyoyin shekaru a rubuce, da haƙurin mutumin da ake yi wa dariya bai fasa ba. Na je na gaya wa Inna maganar bugawar.

"A buga," ta ce. "Na sha sunkuyar da kai a gidan biki saboda shi. Yanzu ki gaya musu mijina ne."

Allah Ya sa sanyin rahama a kabarinsa.