Yabo Daga Wuya Zuwa Ƙasa

Wata Lahadi ce da hantsi, cikin watan Yuni na shekarar 2002, rabin mutanen unguwarmu a Attantane muka cunkushe cikin rumfar karan da ke bayan gidan daraktan lakwal, wato makarantarmu ta boko, kowa ya ƙura wa tele ido. Ita kaɗai ce a unguwar, da batirin mota take aiki, in hoton ya fara rawa sai a tura wani ya hau katanga ya juya eriya har a yi masa ihu a ce ya isa haka. Ana gasar ƙwallon duniya, wata ƙasar baƙar fata tana karawa da Turawa. Shekarata goma sha ɗaya, ina zaune a gaba cikin rairayi, na jingina da ƙafar kakana Malam Ɗan Tani, dillalin shanu, wanda ƙwallo ba ta dame shi ba ko kaɗan. Ya zo ne kawai don abokan dararsa sun gudo nan sun bar shi shi kaɗai a gindin gawo. Mai sharhi da Faransanci yake zuba, don haka malaminmu Mushe Sule ya tsaya a gefe yana juya wa dattawa abin da ake faɗa. Can sai wani baƙin ɗan wasa ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ya dubi hagu kamar can zai bayar, masu tsaron baya uku suka bi idonsa, shi kuwa ya zura ta dama ta tsakaninsu, ta je ta sami abokinsa shi kaɗai a gaban gola. Rumfa ta ɗauki sowa har kaji suka watse, mai sharhi kuma ya kwarma: "Kel pisans!"

Kakana ya taɓa Mushe da sandarsa ya ce, "Mi ya ce?" Mushe ya ce wai cewa ya yi, kai, wannan irin ƙarfi, wai a dubi ƙirji a dubi cinya, irinsu da ƙarfi da gudu aka haife su. Jim kaɗan wani Bature ya miƙa wa na kusa da shi ƙwallo, tazarar ba ta wuce tsawon tabarma ba, sai Mushe ya juya mana cewa wai ga basira, ga kai mai lissafi. Kakana ya gyara zaman hularsa, ya ci gaba da kallo har aka tashi.

Mu yara kuwa ba mu ji wani aibu a maganar ba, daɗi ma ta yi mana. Kafin mako ya zagayo "kel pisans" ta cika gari. Wanda ya jawo guga cike daga rijiya, kel pisans. Wanda ya shanye ƙwaryar fura bai numfasa ba, kel pisans. Ko jakin maƙwabcinmu da ya tsinke igiya sai da ya sami tasa. Muna zuwa rumfar nan duk ranar da babu lakwal, muna ji ana maimaita abu ɗaya, baƙi ƙarfi da gudu, fari tunani da tsari, har muka ɗauka wata doka ce ta ƙwallo da ba ta iso ƙauyenmu ba sai yanzu. Ai daga Turai maganar ta fito, cikin akwatin da ya fi duk abin da ke garinmu tsada.

Sunana na yanka Haruna, amma ba wanda ya taɓa kirana da shi sai ranar kiran suna a aji. Duna ake ce mini, saboda baƙi ne ni wuluk, ga jiki, ga faɗin kafaɗa tun ina ƙarami. Sai dai Allah bai ba ni gudu ba, in aka sa tsere har ƙanwata takan bar ni a baya. Abin da na iya shi ne tsayawa a tsakiyar fili in ga inda kowa zai je kafin ya tafi, kuma na san inda na samo wannan. Tun ina ɗan shekara shida ni nake haƙa wa kakana gurabun dara talatin a rairayi, in tsinto masa ƴan tsinkensa goma sha biyu, in zauna a bayansa har rana ta faɗi ina kallon yadda yake yi wa abokin wasa tarko a wannan gefe alhali idonsa yana wancan. Abokina na ƙut da ƙut kuwa Jatau ne, ɗan makiyayan da ke zaune a bayan gari, fari tas, siriri kamar karan gero. Tun yana tatata yake bin maruƙa cikin sabara da ƙarangiya, babu wanda ya isa ya kamo shi in ya zabura. Da ƙwallonmu ta tsumma da aka ɗaure cikin leda, da duwatsu biyu a madadin raga, haka muka saba: ni in bayar, Jatau ya ruga.

To, ƙarshen shekarar karatu ya matso, an shirya lakwal ɗinmu zai kara da na Gidan Amumune a filinmu, da ƙwallon fata ta gaske da Mushe ya ajiye a cikin akwatin littattafai. Kaftin ɗinmu Habu, wanda ya girme mu duka don ya maimaita aji sau biyu, ya tara mu a gindin aduwa lokacin hutun tsakar rana ya ce yanzu za a yi tsari irin na Turai. Ya dubi Jatau ya ce shi ne mafi haske a cikinmu, don haka shi ne kan ƙungiya, ya tsaya a tsakiya ya riƙa rarraba ƙwallo. Ya dube ni ya ce irina ƙarfi ne da gudu, in koma gefe in riƙa rugawa ina ture mutane. Babu wanda ya yi musu, har da ni. Gaskiya ma ƙirji na buɗe, ina ganin an ba ni sarauta. Muka gwada tsarin sau biyu da yaran unguwar gabas, suka lallasa mu sau biyu. Jatau in ƙwallo ta zo masa sai ya tsaya yana waige-waige har a ƙwace, ni kuma ina can gefe ina haki kamar jakin da ya hau tudu da kaya, ƙwallo tana fita waje kafin in isa. Habu bai ga laifin tsarin ba, ni ya gani. Ya ce in ban gyara ba kafin ranar wasa, zai sa wani a wurina in koma ɗaukar musu ruwa.

A kwanakin nan aka yi ruwan shuka. Da asuba muke fita gona, babana yana gaba yana sara da sungumi, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da dunduniya, ni kuwa raina yana can kan maganar Habu. Na shiga ɗaukar duwatsu a bayan gida wai in ƙara ƙarfi, ina zagaya rumbunanmu da gudu har jiri ya kwashe ni. Na daina zuwa gindin gawo gaba ɗaya, don na yanke cewa dara ba tawa ba ce. Ran nan da la'asar kakana ya iske ni na cire riga ina ɗaga turmin innata ina cewa kel pisans. Ya tsaya ya dube ni sosai, sannan ya jingine sandarsa, ya zo ya kama wuyana ya matsa, ya bubbuga ƙirjina, ya sunkuya ya latsa cinyata, ya ɗaga ƙafata ɗaya ya duba tafinta, ya buɗe bakina ya leƙa haƙora, yana yi yana ɗaga murya kamar yana tsakiyar kasuwar dabbobi: "Ku taho ku gani, ga wuya, ga ƙirji, ga cinya, wanga ba ya gajiya, wuni yake yana ja!" Matan gida suka fashe da dariya, innata har da riƙe ciki. Ni kunya ta rufe ni, hawaye suka cika mini ido, na ce Kaka ai ni ba sa ba ne.

Ya ce, "Ashe ka sani. Shekara arba'in ina saida shanu, na san wanga yabo in na ji shi, ko da wane harshe aka yi shi. Yabon dillali daga wuya zuwa ƙasa ne, kuma duk wanda aka yaba haka garma za a ɗaura mishi." Ya ɗauki sandarsa ya zana layi uku a ƙasa, ya ce wancan mutumin na cikin tele da ya dubi hagu ya ba da dama, ba cinyarsa ta kwashe mutum uku ba, dara ya yi musu, kuma mai maganar ya gani sarai, faɗa ne bai so ya yi ba. Daga nan ya juya ya tafi masallaci ya bar ni tsaye kusa da turmi.

Ranar wasa gari ya fito, har da masu tallar ƙosai da gyaɗa. An share fili an tsince ƙaya, an kafa itace biyu-biyu an ɗaura igiya a sama. Habu bai cire ni ba, amma ya ce wannan ce damata ta ƙarshe. Kafin a tafi hutun rabin lokaci baƙi sun ci mu ɗaya, da ba don golanmu ba da uku ne. Muna shan ruwa sai Jatau ya jawo ni gefe, fuskarsa ta yi ja, ya ce, "Duna, don Allah ka amshi tsakiyarka, ni kaina ciwo yake, gudu nike so." Ba mu gaya wa Habu ba. Ana busa usur na taka a hankali na tsaya inda na saba, Jatau ya sulale gefe. Habu yana ta ihu, na yi kamar ban ji ba, ko da yake na san in abin ya ɓaci na gama ƙwallo a lakwal ɗin nan. Ƙwallo ta zo ƙafata, na ga ƴan bayansu sun taru a hagu suna jiran Habu, na dubi Habun har na ɗaga masa hannu, suka ƙara matsawa can, sai na zura ta dama cikin filin da babu kowa. Babu kowa a lokacin da na buga, amma na san ƙafar da ke zuwa. Jatau ya iso kamar an harbo shi, ya zuba ta tsakanin itatuwa. Ta biyun kuwa ba zan yi ƙarya ba, gwiwar wani ɗansu ta buga ta shige, amma mun karɓa da godiya.

Ana cikin murna wani yaro a kan aduwa ya kwarma mini kel pisans. Sai na ji muryar kakana daga bakin fili, ashe ya zo shi da abokan dararsa duka. Ya ɗaga sanda ya ce, "Kai, sauko da wagga magana! Jikana ne, da kai ya ci ku!" Ban taɓa jin daɗin wata magana a duniya kamar wannan ba, kuma har yau ban ji ba. Habu ya zo yana murmushi yana cewa dama abin da ya yi niyyar yi ke nan, muka bar shi da hakan. Washegari da la'asar na je gindin gawo na haƙa gurabu kamar kullum, zan koma baya in zauna sai kakana ya nuna mini gabansa, ya miƙo mini tsinke goma sha biyu. Ya cinye ni tas sau uku a jere, bai ji tausayina ba ko kaɗan, na koma gida ina tafiya kamar ni na ci.

Yau ina koyarwa a Tasawa, ni nake riƙe da ƴan ƙwallon lakwal ɗinmu. Ba a hawa katanga juya eriya yanzu, kowane yaro yana kallon wasan Turai a wayar wansa, rigunansu ɗauke da sunayen baƙaƙen ƴan wasan da duniya ta sani. Jatau yana can da garkensa wajen Mayahi, in mun haɗu a kasuwa har yanzu yakan tuna mini ciwon kan da na raba shi da shi. Kakana ya rasu shekaru da dama, gawon ma ya faɗi, an gina shago a wurin. Masu sharhi wasu sun gyara bakinsu, wasu kuwa har gobe in baƙi ya yi abin gwaninta cinyarsa suke fara gani. Duk lokacin da na ji haka ina tare da yarana, nakan rage muryar mai sharhin, in mayar da hoton baya, in tambaye su abin da mutumin ya hango kafin ya buga. Sai in ga sun matso, suna nuna fili da yatsa suna gardama, a lokacin nakan so a ce tsohon yana zaune a bayana da sandarsa. Shi ya koya mini cewa sa ake yabo daga wuya zuwa ƙasa, mutum kuwa daga wuya ake fara hawa sama.