Dattijon da Yake Fitar da 'Yan Sanda Waje

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe ɗakin hoton ƙashi na asibitinmu, ya goge teburin, ya rataye rigar dalma, sannan ya leƙa layi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Ma'aikata na kiransa Ja-Numfashi, don abin da yake ce wa kowane majinyaci ke nan. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ni da farko ban yarda da shi ba. Ranar da 'yan sanda uku suka kawo ɗan ƙanwata, ɗan shekara sha shida, yana dafe da haƙarƙari, na ga dattijon yana washe musu baki. Na ce a raina, bakinsu ɗaya.

"Daga bayan mota ya faɗo," in ji sajan ɗin.

Dattijon ya ce, "Allah sarki. To yallaɓai, ku ɗan jira a waje, hasken nan na hana haihuwa."

Har suna tuntuɓe wajen fita. Ya tura ƙofa, ya ce in riƙe yaron, ya rage murya: "Ɗana, wace irin mota ce mai barin shatin takalmi?"

Yaron ya fashe da kuka. Hoton ya nuna ƙashi uku a karye.

Muka kai ƙara. Bayan sati biyu hoton ya yi ɓatan dabo daga fayil, kowa na rantsuwa bai gani ba. Na koma wurinsa raina a ɓace, ina zargin an saye shi. Sai ya jawo durowa. Ashe duk yaron da aka kawo da ankwa, hoto biyu yake fitarwa, ya sa ɗaya a ambulan ya kulle a durowar. Ambulan sun fi arba'in.

Da bakinsa ya yi bayani gaban kwamitin bincike. Aka kori sajan. Sauran biyun canjin wurin aiki kawai aka yi musu, kuma wanda ya zare hoton har gobe yana cikin asibitin, wataƙila muna gaisawa.

Baba, kai ne ka ƙi yarda da labarin da aka shigo maka da shi sai ka ga ƙashi. Na zarge ka, ka yafe mini. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Wanda zai gaji ɗakin nan, don Allah kada ya bar durowar ta rasa mai riƙe makullinta. Yaran ba su daina faɗowa daga mota ba.