Langar Baba

Shekara shida bayan rasuwar mahaifinmu, Inna ta sake shiga takaba. Ba sau ɗaya ba kuma. A damina guda sau biyar ta shiga, kuma mu 'ya'yanta ne muke jefa ta ciki da bakinmu.

Da ƙananan abubuwa aka fara. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta sallame la'asar ta miƙe ta sake tayar da ita. Muka ce tsufa ne, har muna tsokanarta. Sai wata rana da yamma ta ɗauko tsohuwar langar Baba mai murfi, ta malmala tuwo a ciki, ta miƙa wa yayana ta ce ya kai wa Malam zaure kafin ya huce.

Yaya shi ya gaji makarantar allo da limancin unguwarmu a Kurfi, kuma mutum ne da ko da wasa ba ya ƙarya. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ai Malam ya rasu." Ta kurma ihu kamar yanzu aka fitar da gawar. Ta cire 'yan kunne, ta ajiye kwalli, ta ƙi cin komai kwana biyu. Bayan mako ta manta, ta sake ɗauko langar, Yaya ya sake gaya mata.

Ni ina koyarwa a Dutsin-Ma, kuma Allah ya yi ni da saurin baki. Da na zo wata Juma'a na ga yadda zane yake zamewa daga ƙugunta, ban tambayi kowa ba na ɗora wa matar Yaya laifi. Na ce ba a kula da ita, na tattara kayanta na tafi da ita gidana. Har yau ina jin kunyar maganganun da na yi a tsakar gidan nan.

Mako uku ta yi a wurina, kullum abin gaba yake. Tana neman randarta a bayan ƙofa, tana yi wa mijina sannu da zuwa kamar baƙo, tana rufe fuska idan ya shigo. Rubutun sha ba mu fasa ba, addu'a ma haka, amma dai na kai ta asibiti. Likitar ta daɗe tana hira da Inna, sannan ta ce da ni wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba iska ba, ba sammu ba, ba kuma kowane tsoho yake yin sa ba. Ba a warkewa, amma ana samun sauƙi idan mutum yana inda ya saba, da fuskokin da ya sani. Da na ba ta labarin langar, sai ta ajiye biro.

"Duk ranar da kuka gaya mata, a wurinta ranar ya mutu," in ji ta. "Ku daina."

Na mayar da Inna ɗakinta a Kurfi, na tarar da Yaya a zaure na zayyana masa. Ya saurara har na gama.

"To ke mi kike so in ce? In yi wa mahaifiyata ƙarya, in ce yana nan?"

"Yaya, gaskiyar taka ta kusa kashe ta. Sau nawa za ka mayar da ita takaba?"

Idonsa ya kawo ruwa. A nan na gane shi ma duk ranar da ya faɗa, sabuwar mutuwa yake ji.

Matar Yaya, wadda na ci wa mutunci, ita ce ta fitar da mu. Daga bakin ƙofa ta ce da Yaya, "Malam, ba sai ka ce komai ba. Ka amshi langar ka kai wa ladan. Tun da matarsa ta rasu ba wanda ke dafa mishi. Ka yi niyyar sadaka, lada kuma ya je wa Baba."

Haka aka yi. Ladanin abokin Baba ne tun suna yara, kuma ba ya wasa da tuwo. Kullum langar tana dawowa fayau. Idan Inna ta tambaya, Yaya sai ya buɗe murfin ya nuna mata, ta yi murmushi ta ce miyar ce ta yi daɗi. Daga nan take zama ta ci nata.

Muka raba aikin. Ni Juma'a zuwa Lahadi, ƙanwarmu da ke aure a Birchi tana zuwa tsakiyar mako, don matar Yaya ta samu ta huta ta je unguwa. Na ba ta haƙuri, ta ce ai ta san bakina tun tana amarya. Inna ta mayar da 'yan kunnenta, kumatunta suka ciko. Har yanzu wani lokacin tana kira na da sunan ƙanwarta, ni kuma ina amsawa.

Wata Asabar ni ce na karɓi langar. Inna ta riƙe ta ba ta saki ba, ta dube ni da idon da na sani tun ina ƙarama.

"Na san ya tafi, ɗiyata," ta ce. "Yau na sani. Amma ku bar ni in riƙa zuba mishi."

Na ce to, Inna. Ta gyara murfin da kyau, ta ce in yi sauri kada ya huce.