Rubutun Yaya Haruna a takardar ƙosai

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Haruna, kuma ba don abin da na gani a kasuwar Gadarif, garinmu a nan Sudan, ranar Talata ba, da addu'a kawai zan yi masa in ja bakina.

Yaya bai gama sakandare ba. Duk kaka sai an ɗauke shi yankan riɗi a gonakin Fashaga, ya dawo an wuce shi a darasi, har ya haƙura ya zama direban tarakta. Amma shi ya koya mini karatu. Dokarsa ɗaya ce: in karanta shafi da Larabci, in rufe littafin, in faɗa wa Inna da Hausa. In Inna, wadda ko alif ba ta sani ba, ta gane, to na iya. In ta yamutsa fuska, in koma. Sannan in rubuta da kalmomina a ranar, ba gobe ba. Na sha kuka a kan dokar nan, amma ita ta mai da ni malama.

Shi ma bai daina karatun ba. Yakan ari littattafanmu, ya taƙaita su a inuwar tarakta lokacin hutun rana, har ya cika akwatin ƙarfe. Da ciwo ya tsananta, a gabana ya damƙa wa ɗansa Bashir mabuɗin, ya ce yaran unguwa su riƙa aro. Bashir ya dafa ƙirji ya yi alkawari.

To, ranar Talata na sayi ta'amiyya, ƙosanmu na nan, aka ƙunshe mini a takarda. Wallahi rubutun Yaya ne, har da layin da yakan ja ƙarƙashin abin da bai gane ba. Mai suyar ta ce buhu guda wani ya kawo mata.

Kai tsaye na wuce gidan Bashir. Ko musu bai yi ba.

"Goggo, manhajar makaranta ta canza. Akwatin nake so in zuba kayan gyaran mota."

Da Yaya na raye, na san ba zai yi faɗa ba, sai dai ya tambaya ko wani yaro ya karanta kafin a kwashe. Ni kam ba ni da haƙurinsa. An ci amanarsa, kuma ban yafe ba tukuna.

Shafi bakwai na kuɓutar, duk sun sha mai. Sauran sun tafi, amma dokar ba ta shiga buhun ba. Jiya na zaunar da Safiya, 'yar Bashir ɗin, na ba ta shafi ɗaya. Ta karanta, ta miƙo mini za ta tashi. Na kife shi a kan tabarma na ce, "Ina za ki? Faɗa mini da Hausa."