Saura ƙiris Baban Hauwa ya kayar da ita jarrabawar tirela

Jama'a, yau na ga abin mamaki a garin Upper Marlboro, nan ƙasar waje!

Kun san 'yata Hauwa, mai jigilar mutane a ƙaramar mota. Ta shiga makarantar da ke ɗaukar direban mota a ɗora shi kan tirela kai tsaye. Babanta bai so ba. Ya ce shi sai da ya daɗe yana karen mota a hanyar Kaduna kafin a ba shi sitiyari.

To, yau ce jarrabawa. Muna bakin shinge muna kallo. Aka ce ta shigar da tirelar da baya cikin wani ɗan lungu. Ta fara ke nan, sai Malam babanta ya zabura yana buga shinge: "Taho! Taho! Yanke hagu, Hauwa!"

Wayyo! Matar da ke jarraba ta ta ɗaga hannu, komai ya tsaya. Ta ce in wani ya sake taimaka mata, ta faɗi ke nan.

Na kama hannun rigarsa na ce, "Haba Malam, nan ba tasha ba ce. Yi haƙuri."

Ya cire hula ya toshe bakinsa da ita! Hauwa ta sake komawa baya a hankali, tirelar ta zauna daram. Ta ci! Alhamdulillahi!

Kafin ta sauko har ya kira ƙanensa a Kaduna: "Kai Sani, 'yarka ta zama direbar tirela! Ai ni na koya mata!"

Ni dai na bar shi.